Nikolai Vavilov: Masanin da ya tara irin duniya, yunwa ta kashe shi a kurkuku

Duk burodin da ake yankawa a teburin mai shayi, da duk buhun fulawar da ake saukewa a kasuwa, suna ɗauke da gadon wata ciyawa wadda manomi zai cire ya jefar idan ya ganta a gonarsa. Masana sun tabbatar da cewa alkamar burodi ta samu ne daga haɗuwar tsirrai uku, kuma na ƙarshensu wata ciyawar daji ce da Turawa ke kira ciyawar akuya, wadda har yau take fitowa a gefen hanya a Iran da Afganistan da kewayen Tekun Kasfiya. Mutumin da ya fi kowa fahimtar da duniya cewa arzikin noma yana ɓoye a irin waɗannan ciyayi da kuma tsofaffin irin da ke hannun ƙananan manoma shi ne Nikolai Ivanovich Vavilov, ɗan ƙasar Rasha. Ya yi shekara 55 a duniya, kuma ba a san takamaiman inda kabarinsa yake ba.

An haife shi a birnin Mosko ranar 25 ga Nuwamban 1887. Mahaifinsa, Ivan, ɗan ƙauye ne da ya shigo birni yana yaro, ya fara da yaron kanti, ya yi ta tashi har ya zama babban ɗan kasuwar yadi. Kamar yadda aka saba a gidan 'yan kasuwa, uban ya so 'ya'yansa maza su gaje shi, don haka ya sa su a makarantar koyon ciniki. Babu wanda ya bi sahunsa. Ƙanen, Sergei, ya zama masanin kimiyyar lissafin haske, shi kuwa Nikolai ya shiga kwalejin aikin gona ta Mosko a 1906. A Rasha ta wancan zamani fari da yunwa ba baƙi ba ne, domin yunwar 1891 ta hallaka dubban ɗaruruwan mutane yana ɗan shekara huɗu, kuma mafi yawan talakawa ba su da wani abin dogaro sai abin da gona ta bayar.

Ya shiga fagen ilimi a daidai lokacin da wani sabon fanni ke tsirowa. A 1900 ne masana suka sake gano aikin Gregor Mendel, wani limamin coci da ya yi gwaje-gwaje da wake ya nuna cewa halayen tsiro suna bin ƙa'ida wajen wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya. A 1913 Vavilov ya tafi Ingila ya zauna wajen William Bateson, wanda shi ne ya raɗa wa wannan fanni na ilimin gado suna. Tambayar da ta dame shi tun lokacin mai sauƙin faɗa ce: me ya sa cuta za ta shiga gona ta cinye wani nau'in alkama, ta bar wani a tsaye kusa da shi? Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta sa ya koma gida a 1914, ya ci gaba da bin diddigin wannan tambaya, har ya wallafa littafi a kanta a 1919.

Tafiyarsa ta farko mai muhimmanci ta samo asali ne daga wata larura ta soja. A 1916 dakarun Rasha da ke arewacin Iran suka riƙa fama da jiri da maye da suma bayan sun ci burodi, aka tura shi ya binciko dalili. Ya gano cewa 'ya'yan wata ciyawa mai guba, wadda ke fitowa cikin alkama kuma ta yi kama da ita, su ne ake niƙawa tare da hatsin. Da ya gama aikin da aka aike shi, bai juya gida ba. Ya ratsa gonakin Iran yana tsinkar zangarniya, daga nan ya haura duwatsun Pamir a kan doki. A can ya ga abin da ya sauya tunaninsa: a cikin 'yar gona guda ta talaka, a lungun da babu hanyar mota, akwai nau'o'in alkama da sha'ir da babu su a dukan gonakin gwaji na Turai.

Daga waɗannan gonaki ne kuma ya fito da bayanin da ya fi jan hankali a duk aikinsa game da ciyawa. Akwai wani hatsi da ake kira rai, wanda mutanen arewacin Turai ke yin baƙin burodi da shi. Vavilov ya lura cewa a Iran da maƙwabtanta wannan hatsi ciyawa ce kawai da ke damun gonar alkama. Manomi yana cire wadda ya gane, wadda ta fi kama da alkama kuwa ta tsira, a girbe ta tare, a sussuke tare, a sake shuka ta baɗi. Shekara da shekaru ana haka, sai ciyawar ta yi ta ƙara kama da amfanin gonar, ƙwayarta ta girma, ta daina zubar da 'ya'yanta kafin girbi. Da noma ya matsa zuwa wurare masu sanyi da ƙasa marar ƙarfi, alkama ta gaza, ciyawar ta jure, ta wayi gari ita ce abincin. Har yau masana suna kiran wannan kwaikwayo da sunansa. Manomin gero a ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san shibra, wadda ke fitowa cikin gero ta yi kama da shi har sai ta fid da kai, sannan ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa. Da wannan suna na Hausa ma masana suka shigar da ita littattafansu.

Juyin juya halin 1917 ya raba mahaifinsa da dukiyarsa har ya bar ƙasar, amma shi Nikolai ya zauna, ya karɓi aikin koyarwa a birnin Saratov da ke bakin Kogin Bolga. A can, a 1920, ya gabatar da ƙa'idar da ta fito da sunansa. Taƙaitaccen bayaninta shi ne, tsirran da suke dangi suna bambanta ta hanyoyi iri ɗaya. In an samu alkama mai farar ƙwaya da ja, mai gashi a kai da marar gashi, mai saurin nuna da mai jinkiri, to a sa rai za a samu waɗannan siffofi a sha'ir da rai da danginsu na daji, ko da ba a riga an gan su ba. Amfanin wannan ga mai neman iri a bayyane yake, domin ya san abin da zai fita nema tun kafin ya ɗaura sirdi.

A 1921 aka ba shi jagorancin ofishin nazarin tsirrai da ke birnin da daga baya aka sa wa suna Leningrad, a daidai shekarar da fari da yaƙin basasa suka jefa yankin Bolga cikin yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan biyar. Wannan ƙaramin ofishi ne ya faɗaɗa har ya zama cibiya mai tashoshin gwaji daga yankin ƙanƙara na arewa zuwa saharar tsakiyar Asiya. Shi kansa bai iya zaman ofis ba. A 1924 ya shafe watanni yana yawo a Afganistan, ya shiga tsaunukan Nuristan da ba kasafai baƙo ke shiga ba. Tsakanin 1926 da 1927 ya zagaya ƙasashen bakin Bahar Rum, ya bi Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Sham da Falasɗinu, sannan ya gangara Habasha, inda sai da ya nemi izinin Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Sarki Haile Selassie, kafin ya tashi da ayarin alfadarai ya ratsa tsaunuka zuwa Eritiriya. Yawan nau'o'in alkama da sha'ir da ya tarar a gonakin Habasha ya ba shi mamaki. Bayan nan ya je yammacin Sin da Japan da Koriya a 1929, ya je Meziko a 1930, ya bi Kudancin Amurka a 1932 da 1933. Ya taka ƙasashe fiye da 50 a nahiyoyi biyar. Ya iya harsuna da dama, barcinsa kaɗan ne, kuma hotunansa na tafiya sun nuna shi da kwat da lakataye ko a tsakiyar jeji.

Yadda yake aikin ya cancanci a tsaya a kai. Yana shiga kasuwar ƙauye ya duba abin da ke cikin kwando, ya tsaya a masussuka, ya tambayi manomi sunan irin da lokacin shukarsa, ya rubuta tsawon wurin daga teku da yanayin ƙasarsa, sannan ya ƙulle samfurin ya aika ta gidan waya. Ba ya tsayawa ga amfanin gona kaɗai. Yana tsinkar ciyayin da ke kan iyakar gona da gindin dutse, waɗanda dangin amfanin ne na daji. Hujjarsa ita ce, amfanin gona ya yi shekaru dubbai a hannun mutum, ana zaɓar kaɗan ana watsar da saura, har gadonsa ya ƙuntata. Ciyawar daji kuwa babu mai yi mata ban ruwa ko taki, ita kaɗai ta yi ta fama da fari da gishirin ƙasa da cuta, kuma kowane kwari da kowane tudu yana da nasa nau'in. Abin da mai gyaran iri ya rasa a gona, yana iya samunsa a bakin hanya. Kafin 1940 cibiyarsa ta tara samfur fiye da 200,000, taskar da babu kamarta a duniya a lokacin.

Daga taswirar wuraren da ya tsinci iri ya gina ra'ayinsa mafi shahara, wanda ya wallafa a 1926: cewa kowane amfanin gona yana da mahaifa, kuma ana gane ta da yawan nau'o'insa da danginsa na daji a wurin. Ya fara da cibiyoyi biyar, daga baya ya kai su takwas, ciki har da Sin da Indiya da Gabas ta Tsakiya da Habasha da Meziko da tsaunukan Andis. A nan akwai gyara. Ƙafarsa ba ta taɓa taka Afirka ta Yamma ba, don haka taswirarsa ta tsallake yankin da ya ba duniya gero da acca da shinkafar Afirka. Masanan da suka biyo baya ne suka cike giɓin, musamman Ba'amurke Jack Harlan, wanda yana yaro Vavilov ya sauka a gidan mahaifinsa. Harlan ya nuna a 1971 cewa a Afirka noma bai taso daga wuri guda ba, ya bazu ne a faɗin yankin da ke kudu da Sahara, kuma yawan nau'o'i a wuri ba kullum yake nufin nan ne asali ba. Duk da haka, da taswirar Vavilov masu neman iri suka yi ta tafiya har ƙarshen ƙarnin.

Faɗuwarsa ta fara ne lokacin da yake kan ganiyarsa. A 1929 ya zama shugaban majalisar masana aikin gona ta Tarayyar Sobiyet, a shekarar da Stalin ya fara ƙwace gonakin manoma yana haɗe su a ƙarƙashin hukuma. Noma ya durƙushe, yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan da kudancin Rasha. Gwamnatin da ta jawo bala'i da hannunta tana bukatar abu biyu, wanda zai yi mata alkawarin mafita cikin gaggawa da wanda za ta ɗora wa laifi. Na farkon ta same shi a jikin Trofim Lysenko, ɗan manomi kuma malamin gona, wanda ya yi suna da dabarar jiƙa irin alkama a sanyaya shi kafin shuka. Dabarar tana da ɗan tushe, amma Lysenko ya wuce nan, ya ce canjin da aka yi wa tsiro ta wannan hanya yana bin zuriyarsa, ya ce ƙwayoyin gado ƙirƙirar 'yan jari-hujja ce. Shi yana alkawarin sabon iri cikin shekara biyu ko uku, Vavilov kuwa yana faɗin gaskiyar cewa aikin yana cin shekara goma ko fiye. Ba wuya a gane wanda mai mulki zai fi son ji.

Abin takaici, Vavilov da kansa yana cikin waɗanda suka ɗaga Lysenko da farko. Ya yaba aikinsa a bainar jama'a, yana ganin dabarar za ta taimaka wajen shuka irin ƙasashen zafi a arewa, yana kuma zaton ilimi zai gyara saurayin. Masanin da ya iya bambance alkama da ciyawar da ke kwaikwayonta bai yi saurin gane mutum ba. Daga 1933 aka hana shi fita waje. A 1935 aka sauke shi daga shugabancin majalisar, mutum biyu da suka gaje shi aka kama su aka harbe, a 1938 kujerar ta koma hannun Lysenko. A 1939 masana ilimin gado na duniya suka zaɓe shi shugaban babban taronsu a birnin Edinbara, hukuma ta hana shi zuwa. A wannan shekara ya daina lallashi, ya fito fili a taron muhawara ya ƙi amincewa da koyarwar Lysenko, alhali ya san abin da ya sami abokan aikinsa.

Ranar 6 ga Agustan 1940 yana tsinkar tsirrai a yammacin Yukren, wasu mutane suka zo da mota suka ce ana nemansa a Mosko da gaggawa. Bayanan hukumar tsaro da aka buɗe daga baya sun nuna an yi masa tambayoyi kusan sau 400 cikin wata 11, yawanci da dare, ana tsayar da shi har ƙafafunsa su kumbura. Ya sa hannu a kan tuhumar yi wa noma zagon ƙasa, amma ya ƙi amsa cewa shi ɗan leƙen asirin Ingila ne. A Yulin 1941 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa cikin 'yan mintoci. An harbe wasu daga cikin manyan mataimakansa, ciki har da Georgii Karpechenko. Da sojojin Jamus suka doso Mosko aka mayar da shi gidan yarin Saratov, garin da ya fara yin suna, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, inda yake ɗebe wa abokan zamansa kewa da darussan kimiyya. Tsohon malaminsa Dmitri Pryanishnikov ya yi ta kai ƙorafi a kansa ba tare da tsoro ba. A 1942 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 20, a shekarar da babbar ƙungiyar masana ta Ingila ta zaɓe shi mamba ba tare da sanin inda yake ba. Matarsa Elena Barulina, wadda ita ma masaniyar tsirrai ce, tana zaune a garin na Saratov da ɗansu, ba ta san mijinta na kusa ba. Ya rasu ranar 26 ga Janairun 1943, jikinsa ya ƙare saboda rashin abinci, aka binne shi a ramin gayya.

A daidai wannan lokaci taskar da ya tara tana cikin nata gwajin. Jamusawa sun yi wa Leningrad ƙawanya daga Satumban 1941 zuwa Janairun 1944, mutum fiye da 600,000 suka mutu da yunwa. Ma'aikatan cibiyar da suka rage suka zauna cikin ginin da ba wuta ba ɗumi, suna gadin akwatunan shinkafa da alkama da wake da dankalin Turawa daga ɓeraye da sanyi da mayunwata. Ba su ci ba. Alexander Shchukin, mai kula da irin gyaɗa, ya mutu a kan teburinsa. Dmitri Ivanov, mai kula da shinkafa, ya mutu kewaye da dubban ƙullin shinkafa. Da dama daga cikinsu haka suka ƙare, alhali sunan maigidan nasu ma haramun ne a ambata.

Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1944, masana a Japan da Amurka suka tabbatar da cewa ciyawar akuya ce ta ba alkamar burodi kashi ɗaya cikin uku na gadonta. A 1956 Ba'amurke Ernest Sears ya ɗauko ƙwayar gado mai jure cutar tsatsa daga wata 'yar uwarta ya dasa a alkama. A shekarun 1970 wata shinkafar daji daga Indiya ta ba masana a Filifin kariya daga wata cutar da ke tsumbure shinkafa, wani samfurin shinkafar daji daga Mali kuma ya ba da ƙwayar da ke jure cutar ƙunar ganye, wadda aka ware a 1995. A 2010 aka kammala karanta dukan gadon wata 'yar gajeriyar ciyawa ta yankin Bahar Rum mai suna Brachypodium, wadda masana ke shukawa a ɗakin gwaji a madadin alkama da sha'ir saboda saurin girmanta, suna kwatanta nau'o'inta na wurare daban-daban don gano abin da ke sa wani ya jure fari wani ya kasa. Rumbunan iri da ke Ibadan da Sadore kusa da Yamai, da babban rumbun Svalbard da aka buɗe a Norwe a 2008, duk a kan tsarin da ya shimfiɗa suke.

A gida kuwa, sakayya ta yi jinkiri. Stalin ya naɗa ƙanensa Sergei shugaban majalisar kimiyya ta ƙasa a 1945, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1951, kuma a zamaninsa ne, a 1948, aka haramta koyar da ilimin gado gaba ɗaya, aka kori dubban masana daga aiki. Sai a 1955, bayan mutuwar Stalin, kotu ta wanke Vavilov daga dukan tuhuma. Lysenko ya ci gaba da cin karensa babu babbaka har 1965, ya mutu a gadonsa a 1976. Cibiyar tana nan a birnin da yanzu ake kira San Fitasbag, tana ɗauke da sunan Vavilov, da samfur fiye da 300,000. A maƙabartar Saratov an kafa masa dutsen tunawa kusa da ƙofar shiga, tun da ba a iya gano ramin da aka sa shi ba.